Ranar da zan sake yin guɗa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Babana,

Ina gaishe ka da kyau, ina kuma roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da samarin da ka ɗauka. Na ba matarka ita, na ce ta sa maka a jaka ƙarƙashin cuku da dabino, don na san ba za ka taɓa wurin ba sai mota ta bar Tanut yunwa ta fara taɓa ka. Allah ya tsare ku a hanyar Agadas, ya kare ku daga mugun ji da mugun gani, ya riƙe hannun direba, ya sauke ku inda za ku sauka da rana tsaka.

Na san zan iya danna waya in yi maka magana, ƙanwarka ta koya mini. Amma duk lokacin da na fara magana da kai, ko dai ka sa ni dariya ko kuma kuka ya ci ƙarfina, sai zancen ya watse. Takarda ba ta katse mutum. Hannuna ka san shi, da furfura na koyi rubutu a rumfar yaƙi da jahilci, in ka ga baƙi ya karkace ka gyara da zuciyarka.

Tun ranar da mutanen Agadas suka kira ka suka ce kai suke so ka horar da ƙungiyarsu, gidan nan bai rabu da masu barka ba. Yaran da ke ce maka gurgu a bayan ido yanzu Koci suke cewa. Kowa na murna, ni ma ina amsa barka da fara'a, amma ni a tsorace nake. Ba hanya ce kaɗai ke ba ni tsoro ba. Ƙafar Lawali ɗan Ramatu maƙwabciyata ce.

Ka tuna da la'asar ɗin da kuka dawo daga fili kuka yi sallah a tsakar gida. Ina bakin murhu ina kallonku. Da kuka zo zaman tahiya sai na ga Lawali ya kasa naɗe ƙafar hagu, ya miƙe ta gefe yana cije leɓe. Ni na san wannan zama, a tabarmar nan na fara ganinsa. Da na tambaye shi sai ya yi dariya, ya ce ɗan targaɗe ne, wai kafin su isa Agadas ya manta da shi. Bayan ya fita na gaya maka. Na ɗauka za ka firgita, sai na ga ba ka ko ɗaga kai daga takalmin da kake gogewa ba. Ka ce kai ma ka gani tun tuni. Ka ce shi ne mai zura maka ƙwallo, kuma mutanen can ba su da haƙuri, in ka faɗi wasannin farko za su nuna maka hanyar gida.

"Wasa biyu ko uku ne, Inna, sai in hutar da shi," haka ka ce. Ka kuma tsokane ni wai da sun sani ni za su ɗauka, tunda na fi koci ido.

Na yi dariya don kada ka ga fuskata. Amma maganar nan taka ba baƙuwa ba ce a kunnena. Tawa ce, ni na sa maka ita a baki tun kana yaro, shi ya sa nake so ka ji yadda aka yi daga wurina.

Mahaifina wanda ka ci sunansa, shi ya sa ba na iya kiran sunanka, ɗan kokowa ne. A ƙauyenmu can kwarin Tarka, in kaka ta yi aka gama ɗaure dammunan hatsi, sai makaɗa su fito, gari ya gayyaci gari. A wurinmu in ɗan kokowa ya ji ciwo ya durƙusa, ba a ce masa sannu. Guɗa mata ke yi masa, ya ji sunan gidansu a bakin makaɗi, kunya ta tashe shi ya koma. Na ga mahaifina ya koma fage da kafaɗa a goce, ya kuma kayar da abokin karawarsa, aka yi shekaru ana ba da labari. Da ya tsufa hannun nan bai iya kai ludayi baki ba, ni nake ba shi fura. Wannan kam babu makaɗin da ya sa shi a waƙa. Ni kuma da wautata ban taɓa haɗa ranar fagen da ranar ludayin ba.

Da ka fara bin balo, ƙwallon tsumma, a lungu ban so ba, gani nake shashanci ne. Har yau ma ban gane abin da ke sa alƙalin wasa hura usur ba sa'ad da mutum ya riga kowa gudu. Amma ranar da na fara jin taro na kiran sunanka, sai na ji kamar gangunan Tarka ne suka biyo ni gidan aure.

Ranar da samarin garin Gangara suka zo wasa filin lakwal, wato makarantar boko, ina gefe da tiren gyaɗa tare da sauran mata. Wani dogo ya shigo maka ta gefe, ka faɗi kana riƙe da gwiwar hagu. Mushe Ilu, yadda muke kiran malamin lakwal ke nan, malaminku mai koya muku ƙwallo, ya ruga ya duba ka, ya ɗaga hannu a zo a fitar da kai. Ni kuwa na ajiye tire, na kama hanci na rangaɗa guɗa. Ka san muryata, a lokacin babu gidan biki a unguwarmu da ba a aiko a kira ni. Mutane suka ɗauka da sowa. Ka ɗago ka dube ni. Ka ture hannun Mushe, ka miƙe kana ɗingishi, kafin a tashi kuma ka zura ƙwallo. Aka ɗauko ka a kafaɗa har ƙofar gida. Kafin magariba gwiwar ta yi kamar ƙwarya, ni kuwa ina ta rarraba gyaɗar da ta rage kyauta don daɗi.

Babana, duk wanda ya yi maka sowa ranar nan gida ya tafi ya ci tuwonsa ya kwanta. Kai ka kwana da ƙafar. Yanzu kai ne za ka tsaya a bakin fili inda Mushe Ilu ya tsaya, kuma taron Agadas ya fi na filin lakwal yawa da ƙarfin murya. Yaro in ya faɗi ba zai taɓa ce maka ya kasa ba. Fuskarka zai duba, kamar yadda ka dubi tawa. Abin da ya gani a can shi zai yi. Ina roƙonka kada ya ga abin da ka gani.

Abin da na yi wa Mushe Ilu bayan haka ya fi wannan muni. Ya hana ka wasa, ya ce sai ƙafar ta huta sosai an kai ka likita. Kana dawowa gida kana kumbure-kumbure, ba ka cin abinci. Mata a bakin rijiya suka fara zuga ni, wai so yake ya sa ɗan ƙanwarsa a wurinka. Na ɗauki mayafi na tafi har gidansa. A gaban matarsa da ƴaƴansa na ce masa hassada ce, na ce baƙo ne bai san jinin da ke jikinka ba, na ce ni namiji na haifa. Mutumin nan yana tsaye da alli a hannunsa bai katse ni ba har na gaji. Sannan ya ce:

"Inna, ƙafar nan ba ta wasan Juma'a kaɗai ba ce. Da ita zai yi sallah har ya tsufa."

Na ce masa in wa'azi yake so ya tafi masallaci. Gari duk ya goyi bayana, har manya suka sa baki, ya mayar da kai fili ba don ransa ya so ba. Daga baya aka sauya masa wurin aiki, ban san inda yake ba yanzu, ko yana raye. Duk lokacin da na ga an ajiye maka kujera a ƙarshen sahu ranar Idi, kana sallah a zaune cikin tsofaffi alhali ko furfura ba ka yi ba, maganarsa ce ke dawo mini.

To ka shirya, irin wannan ranar na zuwa maka. Wata uwa za ta zo ƙofarka da mayafi a kafaɗa, ko wani uba, ko mai kuɗin da ke riƙe da ƙungiya, su ce ka hana yaro don baƙin ciki, su ce gurgu ba ya son ganin mai gudu. Za su faɗi abin da zai yi maka zafi, don sun san inda ciwonka yake. Ka tsaya ka saurara yadda Mushe ya saurara. Amma inda ya sassauta, kai kada ka sassauta. Mai zagin nan ba maƙiyinka ba ne, so ne ya rufe mata ido, ni shaida ce. In ka biye mata, ita ce za ta fi kowa tsine maka daga baya, ko da a zuci.

Da labari ya zo cewa mutanen Damagaram za su zo zaɓen yara, gwiwar ta sake kumbura. Mahaifinka, Allah ya ji ƙansa, ya ce a gaya musu gaskiya, in rabonka ne za su dawo wata shekara. Na ce masa wata shekara ta mai rai ce. Na aika aka kira wanzamin unguwa ya kafa maka ƙaho a gwiwa, ya zuƙe abin da muke cewa mataccen jini. Kumburin ya sauka, na shafe wurin da man shanu na ɗaure. Na ce maka in lokotoronsu, wato likitansu, ya ga tsagar ka ce ta yarinta ce, kowane ɗan ƙasarmu ta Damargu na da irinta. In ya lanƙwasa ƙafar ya tambaye ka ko da zafi, ka dubi bango ka ce babu. Haka ka yi, aka ɗauke ka. Daga Damagaram sai Yamai, daga Yamai sai ƙasar Larabawa. Muna taruwa gidan mai talabijin ko za mu hango ka, ka gina mini ɗakin siminti, mata suka koma ce mini uwar ɗan wasa. Ban san kafin kowane wasa allura ake soka maka a gwiwar ba, sai da ka dawo ka faɗa. Ka ce mai horar da ku a can kullum cewa yake wasa ɗaya ya rage, ka daure, bayansa za ka huta. Ka ce ka tsani mutumin nan, ka ce in Allah ya ba ka yara ba za ka taɓa zama irinsa ba. A ɗakin nan ka faɗa, ina zaune a bakin gado.

Wanzami bai cuce mu ba, aikinsa ya yi. Ƙaho na maganin abin da yake magani. Mu ne muka sa shi ya rufe bakin ciwo don kada ya yi magana. Shi ya sa nake cewa kuna isa, kafin Lawali ya sa takalmi, ka kai shi likita da kanka a ɗauki hoton ƙafar. Kada ka aike shi shi kaɗai, kada ka tsaya a waje. Ka shiga, in aka lanƙwasa ƙafar ka dubi idonsa, don bakinsa babu zai ce. Ramatu ta riga ta koya masa. Na ga wanzami ya fito daga gidanta shekaranjiya da zabirarsa.

Ta zo nan jiya da ƙwaryar fura, wai ta kawo wa matafiya. Ta zauna tana ta zagaye-zagaye, daga ƙarshe ta ce in ja bakina. Ta ce hatsinsu na bana ko rabin rumbu bai kai ba, mahaifin yaron ba ya gani sosai, Lawali ne kaɗai ƙofar da Allah ya buɗe musu. Da na soma ba ta labarinka sai ta tari numfashina.

"Ke da kika kwana ɗakin siminti, yanzu ne za ki ce mana laka ta fi sanyi?"

Shekara da shekaru ni da ita muna miƙa wa juna wuta ta kan katanga, ita ta yi mini wankan jegon ƙanwarka, ita ta zauna da ni kwanakin takaba. Na san in ka ajiye ɗanta a benci za ta gane daga inda abin ya fito, kuma mai yiwuwa ba za ta ƙara amsa sallamata ba. Ina jin tsoron wannan ƙwarai, don tsohuwa ba ta da wani abu da ya wuce maƙwabciya. Amma gara ta daina yi mini magana ɗanta na tafiya da ƙafa biyu.

Akwai kuma dawowarka. Ka sauka daga mota da sanduna biyu, ni kuma kunya ta rufe ni, ba tausayi ba. Duk wanda ya zo gaisuwa sai in ce hutu ka zo, ka kusa komawa. In na ji sallama sai in ɗauke sandunan in tura bayan rumbu. Kai kuma don kada ka ƙaryata ni sai ka daina fitowa. Damina ta zo ta wuce kana ɗaki, labule a sake, rediyo a kashe, ka rame har ina jin tsoron ɗaga labulen da safe. Ni na kulle ka da bakina, ina ganin rufin asiri nake yi.

Ka san wanda ya fito da kai. Balon yara ya faɗo tsakar gida ta kan katanga, Lawali ya shigo ɗauka, lokacin bai wuce a aike shi sayen gishiri ba. Ya buga shi da ɗan yatsa zai fita, sai muka ji muryarka daga ɗaki kana cewa wa ya koya masa wannan bugun na jaki. Ka ce in miƙo maka sandunan. Ranar ka tsaya a ƙofar gida kowa na gani, kana nuna masa yadda ake buɗe ƙafa. Kashegari suka zo su da yawa. Duk wannan Koci da ake kiranka, da takardar horarwa da ka je ka yi karatunta, daga nan suka faro. Yaron nan bai san ya yi maka komai ba, amma kai ka sani, ni ma na sani.

Don haka in ta kama ka ajiye shi, kada ka ɓoye. Ka kira Ramatu da kanka ka faɗa mata abin da likita ya ce, ko za ta zage ka. Kada ka bar shi shi kaɗai a masauki ranar wasa, ka zaunar da shi kusa da kai, ka riƙa tambayarsa me ya gani. Mai ciwon da aka manta da shi, shi ke tashi ya ce ya warke.

Kada ka ɗauka ban ji abin da ka ce game da aikinka ba. Na ji, kuma shi ne ke hana ni sakewa. Na san mutanen ƙwallo, in an ci na kowa ne, in an faɗi na koci ne shi kaɗai. Na ji ana jifan motar ƴan wasa, na ji ana tare mutum a ƙofar fili. In aka cinye ku kada ka fita kai kaɗai, kada ka tsaya mayar da magana, ba ka da ƙafar gudu. Kuma na san za su iya sallamar ka. In na tuna da labulen nan a sake, sai in ji kamar in yaga takardar nan in ce maka ka sa yaron, wasa biyu ne kawai. Ka ga, har yanzu matar nan mai tiren gyaɗa tana nan cikina ba ta mutu ba. Shi ya sa na rubuta, don in ta kira ka a waya wata rana ta ce ka sa shi, ka ɗauko wannan ka karanta, ka ƙi jin ta.

In sun kore ka, ka dawo da rana, ta babbar hanya, ka sauka a tasha kowa na gani. Ba zan ce hutu ka zo ba. Duk wanda ya tambaye ni zan ce an kore shi ne don ya ƙi karya ɗan mutane. Gonar mahaifinka na nan, filin lakwal na nan, yara kuma ba su ƙare a Tanut ba.

An ce sanyin can ya fi namu shiga ƙashi. Na sa maka man shafawa a gwangwani, ka riƙa ɗumama shi kafin ka shafa. Kada ka tsaya tun daga farkon wasa har ƙarshe don a ce kana da himma, ka zauna. Kada ka yarda a binne maka wani abu a bakin raga, ka riƙe sallarka da addu'a, sun isa. Cukun kuma naku ne duka, na san halinka.

Ka sha tambayata me ya sa ban yi guɗa ranar aurenka ba, har dangin amarya suka yi ta gunaguni wai uwar ango ba ta so. Na ce maka muryata ce ta dishe. Ba ta dishe ba. Tun ranar da na gan ka da sandunan nan, in na kai hannu hanci sai in ga yaro kwance a filin lakwal yana ɗago kai yana nemana, sai abin ya maƙale. Amma tana nan, na adana ta. Ranar da labari ya zo mini cewa Lawali ya roƙe ka ka ƙi, taro ya yi maka ihu ka ƙi, masu ƙungiya sun ɓata rai ka ƙi, ranar zan fito tsakar gida in yi ta, ko an ci ku ko ba a ci ku ba, har Ramatu ta ji ta bayan katanga ta ce tsohuwar nan ta haukace.

Allah ya kai ku lafiya, ya tsare gabanku da bayanku. Allah ya ba ka nasarar da babu hakkin kowa a cikinta. Allah ya dawo wa kowace uwa da ɗanta yadda ta ba ka shi. Ka gaida Lawali, kada ka ce na ce komai. Ni dai ban taɓa roƙa wa ɗana zagi ba sai yau: Allah ya sa in ji an zage ka a kan yaron nan, kai kuma kana tsaye.

Mahaifiyarka, daga Tanut.